Darasi: Tarkon Maiƙo da Dokokinsa a Gidajen Abinci

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Darasinmu na yau na masu gidajen abinci ne da waɗanda suke shirin buɗewa, kuma za mu yi magana ne a kan tarkon maiƙo, wato akwati ko tankin nan da ake sakawa tsakanin wurin wanke-wanke da magudanar ƙazamin ruwa ta gari, tare da abin da hukumomin birane suke nema daga wanda ya mallake shi.

Mu fara da dalilin da ya sa aka yi dokar. Mai da kitse idan suna da zafi narkewa suke yi, shi ya sa mai wanke tukwane idan ya ga sun bi bututu sun wuce sai ya ɗauka an rabu da su ke nan. Amma da zarar sun yi nisa sun huce, sai su daskare su manne a jikin bututu, su riƙa kama tsumma da duk tarkacen da ya zo wucewa, har su taurare kamar dutse. A shekarar 2017 ma'aikatan kamfanin ruwa na Thames Water sun tarar da irin wannan dunƙule a unguwar Whitechapel ta Landan, tsawonsa ya kai mita 250, nauyinsa kuma wajen tan 130, kuma sai da suka yi makonni suna fasa shi. A Amurka ma, rahoton da hukumar kare muhalli ta miƙa wa majalisa a 2004 ya nuna cewa maiƙo ne ya haddasa kashi 47 cikin ɗari na toshewar magudanai da aka kai rahotonsu. Idan magudana ta toshe kuwa, ƙazanta ba ta da wurin zuwa sai ta dawo baya, ta malala a titi, ta shiga gidajen mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Yadda tarkon yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Maiƙo bai kai ruwa nauyi ba, saboda haka idan ruwan wanke-wanke ya shiga tanki, shingayen da ke ciki suka rage masa gudu, sai maiƙon ya taso sama, guntayen abinci su kwanta a ƙasa, ruwan da ke tsakiya kuma ya fita ta bututun da aka nutsa bakinsa ƙasa. Akwai ƙaramin tarko da ake ajiyewa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, akwai kuma babban tanki da ake binnewa a waje, wanda yake iya ɗaukar dubban litoci. Ba mai gidan abinci ne yake zaɓen girman da ransa ya so ba. Hukuma tana duba yawan ruwan da kicin ɗin yake fitarwa, don haka a kai mata zanen ginin ta amince tun kafin a zuba siminti, domin fasa daɓe daga baya asara ce babba.

To, a nan ne nake so ku ba ni hankalinku sosai, domin nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Sanya tarko ba shi ne cika doka ba. Tarkon da ya cika da wanda babu shi duk ɗaya ne, don ruwa yana shiga ya fita da maiƙonsa. Birane da dama, musamman a Amurka, suna aiki da ƙa'idar kashi 25 cikin ɗari: idan aka haɗa kaurin maiƙon da ke sama da na laka da ke ƙasa suka kai rubu'in zurfin ruwan, to dole a kwashe. Mai duba zai buɗe murfi, ya zura wani dogon bututu da ake ganin cikinsa har ƙasa, ya toshe shi ya ɗago, sai ga hawa uku a fili: laka baƙa a ƙasa, ruwa mai duhu a tsakiya, daskararren maiƙo a sama. A ce zurfin ruwan santimita 100 ne, maiƙo ya kai 15, laka ta kai 10, to an kai iyaka, ko da kuwa jiya aka ce an share. Yawancin waɗannan birane suna kuma gindaya cewa kada babban tanki ya wuce kwana 90 ba a kwashe shi ba, ƙaramin kuwa yakan buƙaci shara a kai a kai.

Kwashewar ma da ƙa'idarta. Ana zuƙe komai ne har ƙasa, a kankare bango da shingaye, a duba ko wani abu ya karye. Mai motar da ya yaye saman kawai ya mayar da ruwan ciki ya cuce ku, kuma ku hukuma za ta kama. Ku yi hulɗa da mai lasisi, ku karɓi takardar da ta nuna ranar aiki da yawan abin da aka kwashe da inda aka kai shi, ku adana ta a cikin kicin ɗin, domin wurare da yawa suna neman takardun shekara uku. A ganina wannan takarda ita ce garkuwarku, don ranar da magudanar layinku ta toshe, ita za ta yi magana a madadinku.

Akwai dabarun da ake yi da niyyar gyara alhali ɓarna ce. Kwarara tafasasshen ruwa ko zuba sinadarin narkar da maiƙo ba ya kawar da komai, tura shi gaba kawai yake yi ya je ya daskare a bututun gari, kuma shi ya sa hukumomi da yawa suka haramta waɗannan sinadarai, suka kuma hana shigar da ruwan da zafinsa ya wuce digiri 60 a ma'aunin Selshiyas. Bututun bayan gida kuwa ba a haɗa shi da tarko ko kaɗan. Abin da yake rage wahala shi ne a koya wa ma'aikata su kankare faranti a kwandon shara, su goge kasko da takarda kafin wanki, a sa rariya a bakin magudana, man suya da ya gama aiki kuma a tara shi a durom na daban, domin akwai masu saye su sarrafa shi ya zama man injin dizal.

Hukunci ya danganta da wuri. A Ingila, sashe na 111 na dokar ruwa ta 1991 ya mayar da zuba abin da zai hana magudana gudu laifi, a birnin New York kuma tara tana iya kaiwa dala 10,000 a kowace rana. Ku je ofishin hukumar ruwa ko ta tsabtar muhalli ta birninku ku nemi dokar a rubuce.

Sai maganar rai. Maiƙon da ya ruɓe a babban tanki yana fitar da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda take iya sumar da mutum nan take, don haka kada ma'aikaci ya kuskura ya shiga ciki. Murfin kuma ya kasance mai ƙarfi, a kulle shi da kusoshi bayan kowane aiki, musamman idan tankin yana inda yara suke wucewa.