Ƙudurin Tonkin na 1964: me majalisar Amurka ta sa wa hannu?

[Hoto: jirgin ruwan yaƙi na Maddox a teku]

Jama'a, akwai gajeren bidiyon da ke ta yawo a Facebook da TikTok, wai Amurka ta ƙirƙiri harin ƙarya, majalisa ta ayyana yaƙi da Biyetnam, talakawa kuma suka fantsama titi suna zanga-zanga. Magana uku ke nan aka cakuɗa, kuma ta tsakiyar ce ta fi rikita mutane. Majalisar Amurka ba ta taɓa ayyana yaƙi da Biyetnam ta Arewa ba. Wani abu daban ta yi ranar 7 ga Agusta, 1964: ta amince da Ƙudurin Tonkin.

Mu ɗan waiwaya da sauri. An raba Biyetnam gida biyu a 1954 bayan Faransa ta sha kashi: 'yan gurguzu a Arewa ƙarƙashin Ho Chi Minh, gwamnatin da Amurka ke ɗaure wa gindi a Kudu. A Washington kuwa, tun da Sin ta koma hannun Mao a 1949, ɗan siyasa ba ya tsoron komai kamar a ce ya yi wa gurguzu sako-sako. Shugaba Lyndon Johnson na da zaɓe a watan Nuwamba, abokin karawarsa Barry Goldwater kuma kullum zarginsa ke nan.

Ku kula da kyau, domin rana biyu ake magana a kai. Ranar 2 ga Agusta an kai hari, babu tantama. Ƙananan jiragen ruwa uku na Arewa sun tunkari jirgin yaƙin Amurka Maddox, wanda ke sintirin tattara bayanan sirri a mashigin tekun Tonkin. Harsashi ɗaya tak ya same shi. Abin da ba a gaya wa jama'a ba shi ne, kwanaki kaɗan kafin nan dakarun Kudu, da taimakon Amurka, sun yi luguden wuta a kan tsibiran Hon Me da Hon Ngu na Arewa.

Na daren 4 ga Agusta shi ne babu. Teku na tumbatsa, duhu ya rufe, Maddox da wani jirgin yaƙin, Turner Joy, suka kwashe awanni suna harbin abin da na'urorinsu ke nunawa. Kwamandan sintirin, John Herrick, ya aika saƙo cewa mummunan yanayi ya rikita radar, masu sauraren motsin ƙarƙashin ruwa kuma sun yi zumuɗi, don haka a bincika kafin a ɗauki mataki. Ba a jira ba. Cikin daren Johnson ya fito a talabijin, washegari jiragen sama suka yi ruwan bama-bamai a kan sansanonin ruwa da rumbun mai na Vinh. A 2005 hukumar leƙen asiri ta NSA ta saki binciken masanin tarihinta, wanda ya nuna ba a kai wannan hari ba.

[Hoto: takardar ƙudurin, a kusa]

To, a nan za mu zauna. Tsarin mulkin Amurka majalisa ya ba ikon ayyana yaƙi. Johnson, wanda ya daɗe yana jagorantar Majalisar Dattawa, ya ga yadda aka bar Shugaba Truman shi kaɗai da laifin yaƙin Koriya saboda bai nemi amincewarsu ba. Saboda haka yana son sa hannunsu, amma ba ya son kalmar yaƙi ana dab da zaɓe. Tun wajen watan Mayu jami'ansa suka tsara daftarin, suka ajiye suna jiran lokaci.

Ku karanta layin da muka ja wa layi. An yarje wa shugaban ƙasa ya ɗauki duk matakan da suka wajaba don mayar da martani da hana ƙarin takala. Sashe na gaba ya ƙara da amfani da ƙarfin soja don taimakon ƙawaye a Kudu maso Gabashin Asiya, yadda shugaban ya ga ya dace. Babu adadin sojoji. Babu ranar ƙarewa, sai ran da shi da kansa ya ce zaman lafiya ya samu, ko majalisa ta janye. Wuƙa da nama aka miƙa masa.

Kuma ba a ɓoye musu ma'anar ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Sanata John Sherman Cooper ya tambayi William Fulbright, mai gabatar da ƙudurin, ko wannan ya ba shugaba damar amfani da ƙarfin da zai iya kai ga yaƙi. Fulbright ya ce haka shi ma ya fahimta. Sanata Gaylord Nelson ya kawo gyara don taƙaita ikon, aka lallashe shi cewa gyara zai ja lokaci, kuma Johnson ba shi da niyyar tura rundunar ƙasa. Majalisar Wakilai ta yi muhawarar kusan minti 40, ƙuri'u 416, babu ko ɗaya mai adawa. A Dattawa 88 da 2. Mutum biyun su ne Wayne Morse na Oregon da Ernest Gruening na Alaska, kuma sun cancanci a riƙe sunayensu.

Yawancin sauran sun ɗauka gargaɗi suke aika wa Hanoi, babban birnin Arewa, suna kuma kare kansu daga zargin rauni. Talakawa ma na tare da su. Johnson ya yi yaƙin neman zaɓe yana cewa ba zai tura samarin Amurka su yi yaƙin da ya kamata 'yan Asiya su yi ba, ya lashe kashi 61 cikin ɗari. Har a Agustan 1965, a ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup, kashi 24 kacal suka ce tura sojoji kuskure ne. Hotunan gagarumar zanga-zangar da kuke gani, akasarinsu na 1967 zuwa sama ne.

[Hoto: sojojin ruwa na sauka a gaɓar Da Nang]

Sauran kuna ganinsa da idonku. Ƙarshen 1964, sojojin Amurka kusan 23,000 a Biyetnam. Maris 1965, aka fara ruwan bama-bamai babu ƙaƙƙautawa, sojojin ruwa 3,500 suka sauka. Ƙarshen shekarar, 184,000. Afrilun 1969, sama da 540,000. Duk a kan takardar nan, ba a sake neman wani izini makamancinta ba, ko da yake majalisa ta ci gaba da amincewa da kuɗin yaƙin shekara bayan shekara.

Fulbright ya juya baya, ya kira McNamara, sakataren tsaro, a 1968 yana titsiye shi kan daren 4 ga Agusta. An soke ƙudurin a Janairun 1971, amma gwamnatin Nixon, wanda ya gaji Johnson, ta ce matsayinsa na babban kwamandan askarawa ya ishe shi, yaƙin ya ci gaba. Sai a 1973 majalisa ta kafa dokar da ta wajabta wa shugaba sanar da ita cikin awa 48 idan ya tura sojoji fagen daga, ya kuma janye su bayan kwana 60 in ba ta amince ba. Nixon ya hau kujerar na ƙi, suka tsallake shi da rinjayen kashi biyu bisa uku.