Masanin Harshe da Mutanen da Za Su Tuna da Shi

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a gaba, ina neman afuwarku, domin yau da ɗalibai zan fi yin magana. An ce in yi bayani kan yadda masanin harshe zai ci gaba a sana'arsa, da yadda zai ƙulla hulɗa da abokan aiki. Ina ganin abu ɗaya ne aka raba shi biyu.

Bari in fara da wanda duk kuka karanta a shekarar farko. Ferdinand de Saussure ya koyar da darasin ilimin harshe sau uku a Jami'ar Geneva tsakanin 1907 da 1911, ya rasu a 1913 bai rubuta littafin da ya yi suna da shi ba. Abokan aikinsa biyu, Charles Bally da Albert Sechehaye, su suka bi ɗalibansa suna karɓar littattafan da suka yi rubutu a aji, suka haɗa, aka buga a 1916. Da mutumin nan ba shi da waɗanda suka damu da aikinsa, da yau ba mu san sunansa yadda muka sani ba. Ku riƙe wannan.

To, ina ake samun irin waɗannan mutane? Ɗalibai da yawa sun ɗauka hulɗa ita ce ka tare babban farfesa a bakin ƙofa bayan taro, ka karɓi lambarsa, ka ɗauki hoto da shi. Wallahi kafin ya shiga mota ya manta da kai. Ba wulaƙanci ba ne, mutum talatin ne suka yi masa haka a ranar. Wanda zai tuna shi ne wanda ya ce masa, "Malam, ƙa'idar da ka kawo kan karin sauti, a harshen da nake nazari ba ta zauna ba, ga misalai biyar." Wannan ya zo da kaya a hannu. Mai kaya a hannu kuwa ba ya roƙon a saurare shi.

Akwai wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Mark Granovetter, da ya fitar da maƙala a 1973. Ya tambayi ma'aikata a wani gari kusa da Boston yadda suka sami aikinsu, sai ya tarar yawancin waɗanda suka samu ta hanyar wani mutum, ba aminansu ne suka ba su labari ba, mutanen da suke haɗuwa da su jefi-jefi ne. Dalilin a fili yake. Amininka abin da ka sani shi ya sani, ajinku ɗaya, malaminku ɗaya. Wadda kuka zauna kusa da juna a taro shekara biyu da suka wuce, ita ke jin labarin da ba ya zuwa kunnenka. Shi ya sa nake cewa ku riƙa fita. Zumunta a ƙafa take, ta ilimi ma haka.

Wuraren zuwa suna nan. Ƙungiyar masana harshe ta Amurka tun 1924 take. Ta Afirka ta Yamma an kafa ta a 1965. Taron ACAL kan harsunan Afirka ana yin sa duk shekara tun 1970. Na san abin da ke ranku, kuɗin jirgi da biza. Gaskiya ne. Amma taruka da yawa suna ware tallafin tafiya ga ɗalibai, kuma ba a ba wanda bai aika taƙaitaccen bayanin maƙalarsa ba. Ku aika. In an ƙi karɓa, sharhin da masu tantancewa suka yi maka darasi ne kyauta.

Yanzu maganar da wasu malamaina ba sa son ji. Jami'a ba za ta ɗauke ku duka ba, gurabenta ba su kai yawanku ba. Akwai fassara da tafinta, akwai rubuta ƙamus, akwai shirya littattafan makaranta, akwai taskace harsunan da ke gab da ɓacewa, wanda shirin ELDP yake ba da tallafi a kansa tun 2002. Sai kuma fasahar harshe. A 2019, a wani taro a Kenya, aka kafa Masakhane, kalmar Zulu ce mai ma'anar "mu gina tare", suna aikin fassarar na'ura ga harsunan Afirka. Masu kwamfuta sun iya lissafinsu, amma idan na'ura ta kasa bambanta kalmomi biyu da tsawon wasali ko karin sauti kaɗai ya raba su, wa zai gane inda matsalar take? Kai ne. Sai dai ka koyi kayan aikin: Praat don nazarin sauti, ELAN don rubuta abin da aka naɗa, da ɗan Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, ko da na share fage ne. Na ga ɗalibi mai kaifin basira ya rasa aiki saboda bayanansa duka a littafin rubutu suke, babu yadda wani zai yi amfani da su.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ake yawan faɗuwa. An haɗu, an yi hira mai daɗi, an rabu, shiru. Bayan shekara uku sai ga saƙo: "Malam, ina neman takardar shaida, gobe ake rufewa." Me zai rubuta a kanka? In kun rabu da mutum, cikin makon nan ka aika masa abin da ka yi alkawari. In ka ga maƙalar da ta shafi aikinsa, tura masa. In abokiyar karatunki ta ba ki babi ki duba, ki duba da gaske, ki mayar a kan lokaci. Waɗannan da kuke zaune tare yau, nan da shekara goma sha biyar su ne editocin mujallu da shugabannin sassa.

Na ga shugaban taro yana nuna mini agogo. Mai tambaya ya ɗaga hannu, ya faɗi sunansa da harshen da yake aiki a kai, domin na kusa da shi ma ya ji.