Jawabin Maraba ga Babban Baƙonmu na Rundunar Sojan Ruwa, a Ranar Tunawa da Ƙarshen Yaƙin Japan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma babban baƙonmu daga Rundunar Sojan Ruwa ta Najeriya, wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa, iyayenmu tsoffin sojoji, malamanmu, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa.

Ranka ya daɗe, a madadin 'ya'ya da jikokin sojojin da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) da ke nan Zariya, ina yi maka lale marhabin. Sannu da hanya. Mu nan ba mu da teku, ruwan da muka sani Kubanni ne da Galma, don haka ganin farin kakin sojan ruwa a tsakiyarmu abin alfahari ne. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa ka tako.

Mun zaɓi 2 ga Satumba ne saboda a irin wannan rana a 1945 wakilan Japan suka hau jirgin yaƙin Amurka mai suna Missouri a gaɓar Tokyo, suka sa hannu a takardar miƙa wuya. Iyayenmu ba su ga Tokyo ba. A lokacin wasunsu na Indiya, wasu na dajin Bama. Amma abokin gabarsu shi ne aka yi ta gwabzawa da shi a tekun Fasifik, kuma wannan sa hannu ne ya buɗe musu hanyar gida.

Ranka ya daɗe, kai ka fi mu sanin yaƙin teku, ba za mu koya maka ba. Ka san harin da Japan ta kai sansanin jiragen ruwan Amurka na Pearl Harbor a Hawaii ranar 7 ga Disamba 1941, ka san yaƙin Midway inda Japan ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu ɗaukar jiragen sama a watan Yuni 1942. Abin da ya fi taɓa mu shi ne yadda mutanen can suke riƙe da mamatansu. Jirgin yaƙin Amurka Arizona yana nan kwance inda ya nutse a harin Pearl Harbor, mai na tsattsafowa daga cikinsa har yau. Mutum 1,177 suka mutu a cikinsa. A 1962 aka buɗe ginin tunawa a kansa, aka rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, ta yadda jika zai zo ya nemo kakansa ya nuna da yatsa. Shi ma Missouri an kawo shi an ɗaure kusa da wurin.

A Tsibiran Solomon ma haka. A ranar 7 ga Agusta ta kowace shekara ana taruwa a Honiara, babban birnin ƙasar, don tuna saukar sojojin Amurka a tsibirin Guadalcanal a 1942. Kuma ba baƙi kaɗai ake tunawa ba. Akwai wani ɗan ƙasar, baƙar fata irinmu, Jacob Vouza, tsohon samanjan 'yan sanda. Sojojin Japan suka kama shi, suka ɗaure shi a jikin itace, suka sossoke shi da banati don ya faɗi inda Amurkawa suke, ya ƙi buɗe baki. Suka bar shi a kan ya mutu. Ya ciccije igiyar da haƙoransa, ya ja jiki har sansanin Amurkawa, ya sanar da su cewa hari na tafe. Ya rayu, aka karrama shi, kuma mutanen garinsa suna ba 'ya'yansu labarinsa da sunansa.

To mu fa? Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya a 1943, ta shiga kwarin Kaladan a Bama inda ko mota ba ta bi, abinci da harsashi sai daga jirgin sama ake jefo musu, sauran kaya kuwa a ka ake ɗauka. Runduna ta 82 ta biyo baya, suka haɗu aka ci garin Myohaung a Janairu 1945. Bataliyoyin Najeriya uku sun yi yaƙi a cikin rundunar musamman da ake kira Chindit a bayan layin abokan gaba a 1944. Da Hausa ake ba da umarni a tsakanin da yawansu, da Hausa suke waƙar maci. Yau ga Barikin Chindit a nan garin, ga Dalet da Kalapanzin a Kaduna, ga Myohaung da Arakan a Legas. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi sun dawo gida, amma sunayen mutanen suna can. Waɗanda ba a san kabarinsu ba an rubuta su a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, cikin sunaye kusan 27,000. Wane ne cikinmu zai iya kai tsohuwarsa can ta ga sunan mahaifinta? Wannan abu yana yi mana ciwo ƙwarai.

Mun san rundunarku ta san hanyar Fasifik. A 2013 jirginku NNS Thunder ya ratsa teku har Sidni ta Ostireliya don bikin baje jiragen yaƙi na ƙasa da ƙasa, ɗauke da tutarmu. Wanda ya ga yadda ake girmama mazan jiya a can zai fahimci kokenmu.

Koken kuwa shi ne bango guda a Zariya, a rubuta sunan kowane ɗan wannan yanki da ya tafi Bama bai dawo ba, da lambarsa da garinsu. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel tana da sunaye da yawa, rundunar sojan ƙasa tana da tsoffin takardu, mu kuma a gidajenmu akwai lambobin yabo da takardun sallama a cikin akwatuna. Abin da muke nema wanda zai kai maganar inda za a ji ta. Muna roƙon ka zama shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta dama a teku da daji, ya tsare sojojinmu da ke bakin daga a yau, ya mayar da kai gida lafiya. Ranka ya daɗe, bismillah, jama'a na sauraronka.