Amsoshin Tambayoyinku: Jarka Nawa Ke Cikin Rijiyata?

Mai gabatarwa: Jama'a, wasiƙu sun taru, lokaci kuma ba ya jira. Malam, wani mai ɗinkin hula daga Kano ya ce kewayen kan mutum inci 22 ne, faɗin saman hular nawa zai yanka?

Malam: Inci 7, ya bar ɗan ƙari saboda ɗinki. Kewayen da'ira kullum ya ninka faɗinta sau uku da ɗan ɗoriya, wato kusan 22 bisa 7, ko 3.14.

Mai gabatarwa: To ga wadda ta fi yawa. Daga Gumel, daga Damagaram, har da Azare, manoman rani na tambaya: yaya za su san yawan ruwan da ke cikin rijiya? Ɗaya ya ce ya lissafa, ya samu jarka ɗari tara da wani abu, amma ko rabin haka bai ja ba rijiyar ta ƙafe. Malam, ko aljanu ke sha?

Malam: Ba aljanu ba ne, lissafin ne. Ai wannan 22 bisa 7 ɗin tsohon abu ne, masanin lissafi Alkawarizmi ma ya kawo shi a littafinsa a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma kafin shi Arkimidis…

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, mu dawo rijiya.

Malam: To. Ka auna faɗin bakin daga ciki zuwa ciki, ban da kaurin gini. A ce mita 1.4 ne. Ka raba biyu, 0.7. Ka ninka 0.7 da kansa, 0.49. Ka ninka da 22 bisa 7, ka samu murabba'in mita 1.54, filin fuskar ruwan ke nan. Sai ka ɗaura dutse a igiya ka zura har ƙasa, ka auna inda ta jiƙe. In mita 3 ne, 1.54 sau 3 ya ba ka 4.62. Kowane ɗaya a nan lita 1,000 ne, wato lita 4,620, jarka 231 mai cin lita 20.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita wa masu biro a hannu: rabin faɗi, sau rabin faɗi, sau 22 bisa 7, sau zurfin ruwa.

Malam: Rabin faɗi, na ce! Mutuminmu cikakken faɗin ya ninka da kansa, amsar ta ninku huɗu, 924. Wasu kuma zurfin ramin duka suke aunawa maimakon na ruwan. Kuma rijiyar da ta tsuke ta ƙasa ba za ta kai wannan adadin ba.

Mai gabatarwa: Ni dai a ganina ka auna sau biyu kafin ka sayi injin ban ruwa. Hajiya mai fura daga Maraɗi: ƙwarya mai faɗin baki santimita 28, nono lita nawa za ta ci?

Malam: Hajiya, in ƙwaryar rabin ƙwallo ce sosai, 14 sau 14 sau 14, sau 22 bisa 7, sai ki ɗauki kashi biyu cikin uku. Ki raba da 1,000, wajen lita 5.7 ke nan. Cikakken ƙwallo ninki biyun haka ne. Sai dai ƙwarya ba ta cika yin daidai ba, ki rage kaɗan.

Mai gabatarwa: Ɗalibin da ya aiko mana aikin gidansa sukutum, yi da kanka, ɗana. Mai tambayar rumbu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.