Sharhi: Wai D5 maganin barci ne kawai?

Jama'a masu sauraronmu, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin kemis da majalisun matasa, har da ɗakunan mata, wadda duk na ji ta sai raina ya ɓaci. Wai ƙwayar diazepam, wadda ake kira D5 ko Valium, "maganin barci ne kawai, gari na wayewa ta bar jikinka." Ba ta barin jiki da wayewar gari. Sai an yi kwana ɗaya zuwa biyu kafin rabinta ya fita, abin da hanta ke mayar da ita kuwa ya fi haka daɗewa. Amma ba wannan ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba. Kalmar "kawai" ɗin nan ce, domin ƙwayar ba a jijiyoyin ƙwaƙwalwa kaɗai take sauka ba.

Kamfanin Roche ya fito da Valium kasuwa a 1963, aka yi shekaru ana sha ba a san takamaiman inda take kamawa ba. A 1977 wasu masana biyu a ƙasar Denmak, Braestrup da Squires, suka gano mazauninta a ƙwaƙwalwar ɓeraye, wurin da take ƙara wa GABA ƙarfi, wato sinadarin ƙwaƙwalwa mai kwantar da jijiyoyi, jijiyoyi su lafa, barci ya zo. Sai dai a binciken nasu sun ga wani abin da ba shi suka fita nema ba: ƙwayar tana maƙalewa a ƙoda. Ƙoda fa, jama'a! Me ya haɗa ƙoda da barci?

Daga baya aka gane cewa wani mazauni ne na daban, ɗan ƙaramin furotin da ke jikin bangon mitokondiriya, wato sashen da ke samar wa kusan kowace ƙwayar halitta kuzari. Tun 2006 ana kiransa TSPO. Yana zuciya, yana huhu, yana cikin fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Inda ya fi yawa kuwa shi ne gaɓoɓin da ke haɗa homon, wato sinadaran da ke bin jini suna daidaita ayyukan jiki irin su balaga da haihuwa: 'ya'yan maraina, ma'ajiyar ƙwan mace, da adirenal da ke zaune a saman ƙoda. Ko a cikin ƙwaƙwalwar ma, ya fi yawa a ƙwayoyin da ba jijiya ba, musamman waɗanda ake kira maikurogiliya. Su ne masu sharar ƙwaƙwalwa, suna kwashe abin da ya mutu, suna datse mahaɗar jijiyoyin da ta daina aiki. Idan ƙwaƙwalwa ta samu rauni ko kumburi, TSPO yakan ƙaru a wurin, shi ya sa masu bincike ke bin sawunsa da na'urar hoto ta PET a cutar mantuwa ta Alzheimer da shanyewar ɓarin jiki.

To a nan ne gizo ke saƙa. A 2022 masana a birnin Munik na Jamus suka wallafa sakamakon ba wa ɓeraye diazepam kullum har tsawon makonni. Masu sharar nan suka wuce gona da iri, suka riƙa cinye mahaɗun jijiyoyi fiye da kima, ɓerayen kuma suka kasa riƙe abin da a da suke riƙewa. Da aka gwada ƙwayar a kan ɓerayen da aka cire wa TSPO, ba a ga wannan ɓarnar ba. Ke nan ba ta ƙofar barci ɓarnar ta shigo ba, ta ɗaya mazaunin ta shigo, wanda mai kemis bai taɓa jin sunansa ba balle mai saye.

Na san abin da wasu za su ce: ai ɓera ba mutum ba ne, kuma su kansu masanan ba su daidaita a kan aikin TSPO ba. Haka ne. An yi shekaru ana koyar da cewa shi ke shigar da kitsen kolestarol cikin mitokondiriya a ƙera homon, sai a 2014 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka cire shi daga jikin ɓeraye, ɓerayen suka rayu, suka haihu, homon ɗinsu bai tsaya ba. Har yau ana ja-in-ja a kan wannan. To sai me? Gardamar a kan aikin mazaunin ake yinta. Cewa diazepam tana kama shi, wannan babu mai musu. Ta yaya saɓanin masana zai zama lasisin haɗiye ƙwaya kowane dare? Mutanen da suka ƙare rayuwarsu a kan abin nan suna taka-tsantsan da bakinsu, sai yaron shago da ke yanko ƙwaya biyu daga kati da almakashi ne zai ce "kawai"?

Kada a ɗauka ina zagin maganin ne. A hannun likita diazepam tana ceton rai: yaron da jijjiga ta kama, mai farfaɗiyar da ta ƙi tsayawa, mai cutar tetanus da haƙoransa suka sarƙe. Amma likita na gajeren lokaci yake rubuta ta, yawanci makonni biyu zuwa huɗu. Mu kuwa matar da damuwa ta hana barci sai ta aiki ɗanta ya sayo, wata ya bi wata, shekara ta zagayo, ta fara mance inda ta ajiye mukulli, a ce tsufa ne ko sammu.

Wanda ya riga ya saba da ita kada ya ji sharhin nan ya yanke lokaci guda, domin hakan na iya jawo jijjiga mai haɗari. Ya je asibiti a rage masa sannu a hankali. Ku kuma masu kemis, don girman Allah, wannan magani ne da doka ta ce sai da takardar likita. Ku nemi takardar, in babu ku mayar da katin cikin kwali.