Son kai daban, sanin darajar kai daban: ga inda ake rikicewa

[Hoto: hannu riƙe da waya, ana ta jan TikTok]

To jama'a assalamu alaikum. Kwanakin nan duk wanda ya leƙa TikTok sai ya ci karo da kalmar nan ta Turanci nasisis, wato mai tsananin ji da kansa, wadda saurayi ya yaudara ta ce nasisis ne, wanda oga ya yi wa faɗa a ofis ya ce nasisis ne, can gefe kuma wasu na ta cewa ka so kanka, ka so kanka, alhali mu a Hausa in aka ce wane yana da son kai ba yabonsa aka yi ba. Shi ya sa abin ya cakuɗe mana, har na ga wata ƙanwarmu tana tambaya wai don ta ƙi bada aron atamfarta ko ita ma ta zama nasisis ɗin.

Tarihin a gurguje. Sunan daga tatsuniyar Girkawa ya fito, wani saurayi Nasisus da ya ga fuskarsa a ruwa ya kasa ɗagowa har ajalinsa ya same shi a wurin. Masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi rubutu a kai a 1914, a 1980 kuma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka shi cikin kundinta a matsayin larura. A kundin na yanzu alamomi 9 suka lissafa, sai biyar sun tabbata kuma sun daɗe tare da mutum kafin likita ya ce ita ce. Amma ni ba nan zan tsaya ba.

[Hoto: Kasuwar Barci, layin teloli, ƙarar keke]

Inda zan tsaya shi ne nan. Yawancinmu muna auna mutum da yadda yake ji da kansa, kwalliya, ɗaukar hoto, magana da ƙwarin gwiwa. Wannan ma'aunin ba ya aiki. Abin dubawa shi ne me yake yi a daidai lokacin da aka ce masa ya yi kuskure.

Ku ɗauka teloli biyu ne, ana saura kwana uku sallah, kowanne ya iya aiki kuma kowanne ya san ya iya. Ka dawo da kaftani ka ce malam wuyan nan ya yi faɗi. Na farko zai ji zafi, kar ma a ce bai ji ba, mutum ne, ya kwana yana ɗinki a wutar janareto, amma zai karɓa ya juya rigar ya duba ya ce wallahi gaskiyarka ne Alhaji, dawo gobe bayan la'asar. Rigar ce ta samu matsala, shi yana nan yadda yake. Na biyu kuwa kafin ka rufe baki ya ce yadinka ne ba shi da kyau, ko kai ne ka rame, ko yaron shago ne ya yanka, ya juya kan yaron da ashar a gaban mutane, ƙarshe ya tuna maka manyan da yake yi wa ɗinki a Unguwar Rimi. Ka zo da ƙorafi ka koma gida kana tunanin ko kai ne mai laifi.

Ku lura, a ranar da babu ƙorafi ba za ka iya bambance su ba. Wataƙila ma na biyun ya fi fara'a.

An ma gwada wannan. A 1998 wasu masana biyu a Amurka, Brad Bushman da Roy Baumeister, suka sa ɗalibai rubuta ɗan insha'i, aka yabi na wasu aka kushe na wasu da gangan, sannan aka ba su damar sakar wa wanda suke zaton shi ya duba rubutun ƙara mai ciwo a kunne. Waɗanda suka fi zafafa ramuwa su ne masu halin nasisis ɗin da aka kushe. Ganin darajar kai kaɗai bai sa mutum ya rama ba.

[Hoto: kogin Kaduna da yamma, a bar shi ya ɗan jima]

Ni abin da ya fi taɓa ni, wannan tambayar tamu an riga an yi ta tun tuni. A hadisin da Muslim ya ruwaito, da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi kan girman kai sai wani ya ce ai mutum yana son tufafinsa da takalminsa su yi kyau, sai ya ce Allah mai kyau ne yana son kyau, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Kun ga ba a kan kaftani aka ɗora shi ba. Saboda haka ƙanwata, ƙin bada aron atamfa ba ciwo ba ne, ki huta in kin gaji, ki ce a'a in ba za ki iya ba, ki koma makaranta in kina so, duk kula da kai ne.

Amma fa ina roƙonku, a daina liƙa wa mutane sunan larura daga bidiyon minti ɗaya. Kowa a cikinmu yana da ranar da yake zama tela na biyu, gardama ɗaya ba ta isa hujja ba, sai abin ya zama hali shekara da shekaru, a gida da kasuwa da cikin abokai. Kuma in kana son gwada kanka, tuna lokaci na ƙarshe da ka ce yi haƙuri ba tare da ka ƙara da amma ai kai ma ba. In kuwa da irin mutumin kake zaune har ka fara rasa barci kana shakkar hankalinka, kar ka jira sai ya yarda yana da matsala, irinsu ba kasafai suke kai kansu asibiti ba. Kai ka je, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, ba sai wanda ya haukace ake kaiwa can ba, ana zama da likita a yi magana kawai.