Lambar Yabo Uku, Kowace Da Ƙofarta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau daga Madison nake magana, a jihar Wisconsin ta Amurka, garin da aka saba yin taron WisCon na marubuta da makaranta ƙagaggun labaran kimiyya. Zan yi bayanin lambobin yabo uku da ake bai wa littattafan kimiyya da almara da ban tsoro waɗanda suka shafi mutanen LGBTQ, wato masu son jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Mutane kan haɗa su a kwando ɗaya, alhali kowace da abin da take nema, kuma a nan marubuta da yawa ke yin asarar shekara guda.

Mu fara da Lambda, wadda aka soma bayarwa a 1989. Ita ce babba, tana da rukunoni da yawa, ɗaya daga ciki na irin waɗannan labarai ne. Ba ta zuwa neman ka, kai ko kamfanin da ya buga littafinka za ku cike fom, ku biya kuɗin shiga, ku tura littafin. Sai ya kasance da Turanci, kuma ya fito a cikin shekarar da ake tantancewa. Wanda ya buga da kansa ma ana karɓa. Inda ake tuntuɓe shi ne zaɓen rukuni: littafin da aljanu da tsafi ne ƙashin bayansa, sai a tura shi rukunin soyayya don akwai masoya biyu a ciki, alƙalan can su auna shi da mudun da ba nasa ba. Na biyu, jinkiri. In ka bari wa'adi ya wuce, baɗi littafinka ya zama na bara. A 2009 sun sa sharaɗin sai marubucin ya bayyana kansa a matsayin LGBTQ, aka yi ta cece-ku-ce, a 2011 suka janye shi. A ganina sun yi daidai, littafi ake aunawa.

Ta biyu Gaylactic Spectrum, an fara ba da ita a 1999. Ita a kan wannan fanni kaɗai ta tsaya, kuma abin da ta riƙa dubawa shi ne ko an nuna waɗannan mutane da mutunci, ba a mayar da su abin dariya ko mugun labari ba.

Ta uku ita ce ta fi burge ni, kuma a taron wannan gari aka haife ta a 1991. Marubuta biyu, Pat Murphy da Karen Joy Fowler, ne suka kafa ta da sunan James Tiptree Jr. Ba ta tambayar ko akwai ɗan LGBTQ a labarin. Tambayarta ita ce: labarin nan ya faɗaɗa yadda muke fahimtar zama mace ko namiji? Don haka kana iya cika littafi da irin waɗannan mutane, ta ƙi kallonsa, in bai taɓa wannan tambaya ba. Babu kuɗin shiga, kowane mai karatu na iya ba da sunan littafi ko gajeren labari a shafinsu, alƙalai su zauna su zaɓa. Ku dubi yadda suka riƙa tara kuɗinta: tebur a gefen zauren taro, faranti cike da kek da biskit na gida, mutum ya ɗauka ya ajiye 'yan daloli, sai kuma gwanjo. A da, wanda ya ci kan samu dala 1,000 da cakulan da zanen da aka yi domin littafinsa, a ɗora masa kambi a kai.

A 2019 aka sauya mata suna zuwa Otherwise. Dalili kuwa mai nauyi ne. Tiptree sunan alƙalami ne na Alice Sheldon, wadda a 1987 ta harbe mijinta da ke fama da rashin lafiya, sannan ta kashe kanta. Masu fafutukar haƙƙin nakasassu suka ce sunan na yi musu ciwo, masu lambar suka saurara. Lambar ta shekarar 2019 ɗin kuwa Akwaeke Emezi daga Najeriya ta je wa, saboda littafin Freshwater, wanda aka gina kan aƙidar ogbanje ta Ibo, wato ruhin yaron da ake haifa ya mutu ya sake dawowa.

Ga 'yan uwa masu rubutu daga gida, ku riƙe wannan kafin ku tura komai. Sunayen waɗanda suka kai zagayen ƙarshe ana wallafa su a intanet, kuma ba sa gogewa. Najeriya na da dokar 2014 da ta haramta auren jinsi da ƙungiyoyinsa. In da sunan alƙalami za ku fito, ku daidaita da kamfanin ɗab'i tun kafin a buga bangon littafin, ku tabbata shi ne a fom ɗin shiga da kuma taƙaitaccen tarihin marubuci da za su nema.